Silindar Jona

Litinin, da hantsi

Yau ma Jona bai zo ba. Na buɗe rumfa ni kaɗai, na yi shara, na ajiye kujerarsa a inda take zama, gefen da inuwar dogon yaro ke faɗawa. Mai shayi ya kawo kofi biyu kamar kullum. Na ce ya koma da ɗaya, ya tsaya yana kallona sai ka ce zaginsa na yi.

Wani mutum ya kawo ƙaramin janareta, yana tambaya wai ina ɗan'uwan nawa mai dariya. Na ce yana gida. Ban tsaya yi masa bayanin cewa ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba, ni ɗan Bulabulin shi daga duwatsun kudu, ni masallaci shi coci. Tun muna da baƙin gashi muke rumfa ɗaya a bayan Kasuwar Kwastam, to wa ya isa ya ce ba ɗan'uwana ba ne? Na gyara masa janaretan ya tafi, ko sunansa ban tambaya ba.

Matata Yagana ce ta ce tunda na mayar da kaina bebe a gida, in riƙa zubawa a takarda ko na samu sauƙi. Ga shi ina zubawa, ban ga sauƙin ba.

Laraba, bayan la'asar

Sun sallamo shi daga asibiti. Na hau keke napep zuwa Bulumkutu ina ta murna a hanya kamar wawa, don a sanina ba a sallamar mutum sai ya ji sauƙi. Matarsa Kezia ta tare ni a tsakar gida. Ta ce, "Ya Madu, wushe, sannu da zuwa. Sun ce a kai shi gida ya huta." Na ce to alhamdu lillahi. Ta dube ni ta sake cewa, "Ya huta, suka ce." Ban ƙara tambaya ba.

Yana kwance a falo kan katifa, an jingina masa filo. Ba zan rubuta yadda na gan shi ba. Muryar dai tasa ce.

"Malam Madu! Ka zo ganin ragon Bulumkutu?"

Na ce, "Na zo ne in ji ko ka bar min rabin rumfar, tunda ka yi ritaya ba sanarwa."

Ya yi dariya har sai da Kezia ta riƙe masa kafaɗa. Ƙanensa zai zo da mota daga ƙauye ya ɗauke shi kafin ruwan sama ya ɓata hanya. Wai iskar can ta fi ta nan. Ana cikin wannan maganar sai ya ce min, "Kaka fa?"

Kaka ita ce tsohuwar Suzukinsa, tana bayan rumfa a ƙarƙashin tamfol tun shekarar da aka hana babur a garin nan. A bakin ƙauyensu akwai wani hawa da Kaka ba ta taɓa haye shi da mutum biyu ba. Kullum sai Kezia ta sauka ta bi shi a ƙafa da kaya a ka, tana jifansa da baƙar magana. A zamanin acaɓa mun buɗe wa rabin garin nan silinda, layi ake yi mana, amma tasa kullum sai gobe.

Ya ce, "Ka buɗe mata ƙofa, Madu. Ina so in ji muryarta kafin motar nan ta zo. In na warke zan hau da Kezia har ƙofar gidan babana, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba."

Na ce in sha Allahu. Kezia ta tashi wai za ta duba tukunya. Da zan fita na ga murhun, ko wuta ba a hura ba.

Alhamis, da safe

Na yaye tamfol. Ɓeraye sun kafa gari a ƙarƙashin kujerarta, tayoyi sun zauna, tanki ya yi tsatsa daga ciki. Amma da na kwance kan injin sai na tarar da silindar lafiya lau, ko ƙarzuwa babu. Jona bai taɓa yi mata rowar baƙin mai ba.

Ringin da ke zagaye da fistin ne ya gaji. Nasidi mai sayar da kayan inji ya birkice shagonsa kaf kafin ya zaƙulo min fistin da ringi irin nata a gindin wani kwali. Ya hure ƙurar ya ce, "Oga Madu, ka riƙe shi da kyau, wallahi irinsa ya ƙare a Maiduguri. Wa ke ajiye kayan abin da aka hana?" Da ya ji na Jona ne sai ya tura min, ko kuɗi bai faɗa ba, ya juya baya, wai yana neman wani abu a kanta.

Asabar, kafin magariba

Yagana ta tambaye ni wai me ake nufi da buɗe ƙofa. Shekara da shekaru tana cin tuwon aikin, sai yau ta tuna ta tambaya. Na san so take ta ji bakina ya buɗe, amma na biye mata.

Na ɗauki gwangwanin madara na nuna mata. Irin injin nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, ƙofofi ne da shi a jikin bangon silinda: ɗaya mai ke shiga, biyu a gefe suna kai shi sama, ɗaya hayaƙi ke fita. Fistin in ya sauka ya buɗe su, in ya hau ya rufe. Daga kamfani a matse suke zuwa, da kaushi a ciki kamar bangon da ba a yi wa shafe ba. In ka ɗan faɗaɗa, ka ɗan ɗaga ta hayaƙi, ka goge hanyar, sai inji ya samu numfashi, ƙarfi ya ƙaru ba ka sayi komai ba. In ka zarce kuma ka kashe shi, don ƙarfen da ka ci ba ya dawowa.

Ta ce, "Shi ke nan? Huda gwangwani?" Na ƙwace gwangwanina.

Ƙaramin injin gurzarmu ya ƙone tun bara, sabo kuwa ba a maganarsa. Saboda haka na koma yadda muka fara: magagari siriri, mai zagaye da mai faɗi, sai doguwar ƙusa da na tsaga kanta da zarto na saƙala samfefa, in sa ta a injin huda ƙarfe duk ranar da aka ga dama aka kawo wuta. Da haka muka yi suna, ba da kayan Turawa ba.

Litinin, bayan azahar

Na naɗe takarda na zura a cikin silindar, na bi ta da yatsa mai baƙin mai har ƙofofin suka fito a jikinta. Na zana da biro inda nake so in kai, na tafi da ita Bulumkutu.

Ya sa tabarau. Idon dai na nan. Ya ja layi da farce a cikin nawa ya ce, "Nan za ka tsaya."

Na ce, "Wannan ai janareta ake yi wa. Hawan fa? Ka ga Kezia ta yanzu ba ta da ba ce."

Kezia daga tsakar gida ta ce tana jina.

Ya ce, "Ƙofar hayaƙi in ta yi faɗi da yawa, ringi yakan leƙa cikinta, Madu."

"Ni za ka koya wa?"

"Wa ya isa."

Muka yi ta musu kamar muna rumfa, har na manta inda nake. A ƙarshe muka raba gardama, aka sa layi a tsakanin nasa da nawa. Da zan tafi ya ce, "In ka gama yanka ka kawo min in wanke."

Haka muke tun farko, ni ke yanka shi ke wanki. In na gama sai ya ɗauki silinda ya zaga bayan rumfa da kwanon kananzir, ya zauna can ya ba mu baya, mai kaya na tsaye yana tsaki. Wankin da ni zan yi kafin shayi ya huce. Na sha ce masa ko amarya ba a yi mata irin wannan wanka. Bai taɓa ramawa ba, sai dai dariya. Yau ma na maimaita masa, ya yi dariyar, amma ba ta fito da sauti ba.

Talata, da hantsi

Jona bai zo ba. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba, ai na san ba zai zo ba.

Alhamis, bayan la'asar

Tun safe nake kan ƙofar hayaƙi. An kawo wuta, kafin in canza samfefa sun ɗauke abinsu, na koma magagari. Ƙarfen Kaka tauri ne da shi, ba irin tarkacen yanzu ba da ko harara ka yi masa sai ya lotsa. Yatsuna sun yi kanta a kan kanta. Zafin garin nan kuwa sai wanda ya gani, kwanon rumfar kamar an ɗora mu a tanda.

Na kai layin da muka yi yarjejeniya na tsaya. Na tuna hawan nan, na tuna Kezia a ƙafa da kaya a ka, sai na ƙara kaɗan. Kaɗan ƙwarai, kaurin farce.

Murfin silindar kuma na shimfiɗa samfefa a kan gilashin tsohuwar taga, na zuba ɗan mai, na yi ta juya shi a kai har fuskarsa ta yi daidai, don matsi ya ƙaru. Wannan aikin ba ya son tunani, hannu ne kawai, shi ya sa na daɗe a kansa fiye da yadda yake bukata. In hannu na aiki kai yakan yi shiru.

Yagana ta dama masa kunun tsamiya ta aika. An dawo da kwanon a cike.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na shiga gida in canza riga in koma rumfa, Yagana ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baban Siddiƙa, ƙarfen nan ba gudu zai yi ba. Mutumin nan fa? Rabonka da shi tun Litinin."

Na ce, "Aikinsa nake yi."

"Aikinsa kake yi, ko ɓuya kake yi a bayansa?"

Na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta ta bar min abin da ba ta sani ba. Ta kauce min na wuce. A rumfa na ɗauki magagari na kasa gurza komai, don idona ba ya gani sosai. Gaskiya ce ta faɗa, shi ya sa ta yi min zafi. Tsoro nake ji. Ina tsoron in shiga falon nan in tarar ya ƙara ragewa, in rasa abin da zan tsokane shi da shi. A nan aƙalla in na ci ƙarfe na san ni na ci.

Lahadi, da yamma

Na je. Na tarar da matan cocinsu cike da falo suna masa waƙa da yarensu. Na zauna a waje kan benci kusa da famfo har suka gama. Ban san abin da suke faɗa ba, amma na gane irin waƙar, ba ta murna ba ce. Wata tsohuwa da za ta fita ta tsaya ta ce min, "Kai ne Madu? Sannu, ɗana." Me ya sa ni take yi wa sannu? Ni lafiyata ƙalau.

Da na shiga ya gaji. Ya ce, "Ina aka kwana?" Na ce saura ƙofofin gefe. Ya ce, "Kada ka taɓa kwanarsu, gogewa kawai." Daga nan barci ya ɗauke shi, hannunsa a kan gwiwata. Na daɗe ban motsa ba.

Litinin, da azahar

Na gama yanka. Na naɗe silindar a tsumma na kai masa wanki kamar yadda ya ce. Kezia ta ce jiya ba a ji daɗi ba, an zo an yi masa allura, tun safe bai farka sosai ba. Na leƙa. Na zauna da abin a cinyata har aka kira la'asar, na dawo da shi yadda na kai shi.

Talata, da hantsi

Kezia ta kira. An yi ruwa a duwatsu, ƙanensa ya ce ba zai jira ƙarshen wata ba, ranar Asabar zai zo. Na tambayi jikin, ta ce, "Yana nan, Ya Madu." Yana nan. Kalmar ke nan yanzu.

Ba lokacin jira. Na bi bakin ƙofofin da samfefa kamar yadda na saba, na zaga bayan rumfa na ɗauki kwanonsa na wanke da kananzir, na sake da ruwan omo, na shanya a rana. Kafin mai shayi ya dawo karɓar kofinsa na gama. Har na ce a raina in ya farka sai na gaya masa, ya ji kunya.

Talata, kafin magariba

Na ɗaura. Na yanka gasket, shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da kwalin kalanda, na wanke kafireta, na sa sabon filogi. Tunda tanki ya lalace, na rataya gorar ruwa da tiyo a madadinsa. Gobe da safe zan gwada ta a nan, in ta tashi in cire tayar gaba in sa ta a keke napep in kai masa tsakar gida, ya ji ta daga kan katifarsa.

Na ci tuwo yau, har na nemi ƙari. Yagana ta ƙaro.

Laraba, da safe

Ta tashi.

Na gauraya baƙin mai da yawa a fetur don sabon ringi. Na taka kik, shiru. Na sake, ta yi tari. Na sake takawa sai ta kama, hayaƙi shuɗi ya cika rumfa, wannan warin da na manta ina kewarsa. Mai ƙosai ta tsallaken hanya ta bar kaskonta a wuta ta shige lungu. Ban ga laifinta ba, garin nan bai manta abin da ƙarar babur ta taɓa kawowa ba. Nasidi ya sheƙo a guje yana cewa in kashe kafin in tara mana jami'ai, amma bakinsa har kunne.

Ƙa'ida ita ce a bar sabon ringi ya zauna a hankali. Na sani, ni nake faɗa wa mutane. Amma ina so in ji abin da zan kai masa. Na murɗa totur.

Wallahi tunda nake ban taɓa jin inji ya amsa haka ba. Ba ta yi nawa ba, ba ta shaƙe ba, ta ɗauka ta yi sama tsaf kamar an sake ta daga ɗauri. Na ce wa Nasidi, "Ka ji? Ka ji?" Na sake murɗawa.

Sai ƙas. Ƙara ɗaya, ba babba ba. Ta tsaya cak. Na taka kik, ya ƙi motsi.

Laraba, bayan azahar

Na buɗe. Ringin ya karye, guntunsa ya shiga tsakanin fistin da bango ya yi noma tun daga ƙofar hayaƙi har sama. Ramin har farce na shiga cikinsa. Fistin ya tafi, silinda ta tafi.

Na zura yatsa a bakin ƙofar sai da ya yanke ni. Kaifi kamar aska. Ringi ya leƙa ciki kamar yadda ya faɗa, bakin ya kama shi. To amma ai na sha yin ƙofa mai faɗin wannan, ba ta taɓa cin ringi ba. Na zauna ina ta juya abin.

A ƙarƙashin tebur akwai silindar wani injin ban ruwa da mai shi bai dawo karɓa ba, aikinmu na ƙarshe tare. Na jawo ta na zura yatsa. Yatsan ya wuce bakin ƙofa bai ji komai ba, sumul, an kwantar da shi sama da ƙasa. Ba samfefata ce ta yi wannan ba. Na zaga bayan rumfa inda yake zama. A cikin gwangwanin da yake ajiye buroshi na tarar da guntun dutsen washi, siriri kamar ɗan yatsa, ya ci ya ci har ya lanƙwashe.

Ashe ba wanki yake yi ba. Ko in ce wankin ba shi ne aikin ba. Duk silindar da na yanka na buga ƙirji a kanta, sai ta bi ta hannunsa ya karya mata baki da dutsen nan, yana ba mu baya, ina masa tsiya a gaban masu kaya. Na zauna a kan bulon da yake zama na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Nasidi ya leƙo ya koma.

Alhamis, da hantsi

Nasidi ya buga waya ko'ina. Babu. Wani a Kano ya ce zai iya sa wa silindar sabon ciki, amma sai an aika an jira, fistin kuma sai an nema. Sauri ya haifi nawa. Mota jibi.

Alhamis, da la'asar

Ban je ba.

Juma'a, da yamma

Daga masallaci ban koma gida ba. Na biya rumfa na ɗauki silindar da dutsen na wuce Bulumkutu da kayan Juma'ata. A hanya na shirya ƙarya kala-kala, wai an hana ni ɗauko babur, wai kafireta ce ta ƙi. Ko ɗaya ba ta kai ƙofar gidan ba.

'Yan'uwan Kezia na tsakar gida suna ɗaure kaya. Ta ce na yi sa'a, yau ya farka garau, har ya sha ruwan shayi. Ya ga ƙullin a hannuna ya ce, "Ka kawo wankin?"

Na miƙa masa ya kasa ɗaga ta, na ɗora masa a kan filo a cinyarsa. Bai ko duba ba. Ya zura babban yatsa, yatsan ya faɗa ramin, ya bi shi har sama, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka ɗaura ta."

"Na ɗaura."

"Ba ka karya baki ba."

"Ban san ana karyawa da dutse ba, Jona. Samfefa nake bi da ita."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Duk shekarun nan?"

"Wanki kake cewa."

"To ni ai na zaci ka sani, tsokanata ce kawai kake yi."

Ya fara dariya, kafaɗunsa na rawa, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Ni ma na yi, ban san ko dariya ce tawa ba. Kezia ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa ta rasa wanda za ta riƙe.

Da ya lafa ya ce, "Ta dai tashi?"

"Ta tashi."

"Yaya muryarta?"

Na buɗe baki in yi masa bayani, na ga ba bayani yake so ba. Na dubi mutanen da ke leƙowa ta taga. Ni da furfurata da babbar rigata, na gyara zama na yi masa da bakina. "Tan, tan-tan, tan, tan-tan-tan." Ya rufe ido.

"Murɗa," in ji shi.

Na murɗa. Na ja ta sama har maƙogwarona ya yi zafi, na saki, na sake ja. Yara a layi sun yi ta dariya, ina jinsu, ban daina ba.

Ya ce, "Iska ta yi mata yawa. Ka ƙara mata mai kaɗan."

Na ce to, na sake yi da ƙasa-ƙasa. Ya gyaɗa kai.

"Da wannan za ta hau?"

"Da ku biyu, har da buhun masara."

"Kezia, kin ji?"

Ta ce, "Na ji." Ta juya ta fita.

Na ciro dutsen daga aljihu na sa masa a hannu. Ya juya shi kamar ya gamu da wanda ya sani. Ya ce in riƙe masa silindar in karkata ta wajen haske, ya zura dutsen ya fara bin bakin ƙofar a hankali. Can ya ce in ɗora yatsana a kan nasa in ji yadda yake kwantar da shi. "Sama da ƙasa ne ke cin ringi. Kaɗan-kaɗan, kana bi kana zagaye kusurwa, har yatsa ya wuce bai san ya wuce ba." Yatsan nasa sanyi ƙalau, a wannan zafin.

Ni ban ce masa silindar nan ba za ta ƙara aiki ba. Shi ma bai ce ba. Ya fi ni sani, yatsansa ya riga ya gaya masa. Ya gama ƙofar hayaƙi, ya yi ta gefe ɗaya, dutsen ya zame daga hannunsa ya yi barci. Na zauna riƙe da ita har aka kira magariba.

Asabar, da azahar

Mota ta zo da sassafe. Ni da ƙanensa muka ɗauke shi a cikin bargo, bai kai nauyin injin Kaka ba. Aka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Kezia. Yagana ta zo da ƙullin guzuri, suka rungume juna da Kezia.

Kezia ta ce, "Ya Madu, ku yafi juna mana." Ya ce mata wane irin yafiya kuma, mutum da aikinsa bai gama ba. Ya sa aka ɗauko masa silindar da dutsen daga falo, aka ajiye a ƙasan kujera inda hannunsa zai kai. Kaka kuma ya ce ta zauna a wurina tukuna.

Na sunkuya ta taga. Ya ce, "Saura ƙofa ɗaya. In na gama zan aiko maka, ka ɗaura."

Na ce to. Na ce kada ya yi gaggawa, ba inda za ni.

Motar ta fita layin a hankali saboda ramuka. Yagana ta tsayar da keke napep, na ce ta tafi, zan taka.